Idon Nu'uman da Zobon Alhamis

Masu karatu, yau dai zan faɗi laifina da bakina, don na gaji da yadda matan unguwarmu ke ƙara wa zancen gishiri. Wata ma cewa ta yi wai har Ningi na je wajen boka. Ni kuwa ko gadar Wudil ban tsallaka ba. Duk abin da ya faru, a kicin ɗinmu ya faru.

Sunana Saudatu, a gida Saude ake ce min. Shekarata ashirin da shida, da safe ina koyarwa a wata firamare, da yamma ina ɗinkin hijabai. Ƙanwata Sakina ta samu miji tun bara, amma Babanmu, Malam Haladu, dillalin shanu a kara, ya ce ba zai aurar da ƙarama babba tana zaune ba. Shi ya sa duk safiya in Sakina ta gaishe ni, da harara gaisuwar take zuwa.

Ana cikin haka Allah ya kawo Nu'uman. Ɗan Utai ne, yana aiki a ɗakin karatu na jami'ar garinmu. Dogo ne siriri, in yana magana sai ka matso kafin ka ji. Yadi ya kawo in ɗinka wa ƙanwarsa hijabi. Ya zo karɓa ya tafi da shi, ya dawo ya ce ya yi tsawo, na rage. Ya sake dawowa ya ce ya yi gajere. A zuwa na huɗu na tambaye shi ko ƙanwar tasa miƙewa take tana komawa, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi dai lambar wayata yake so.

Litinin da Alhamis yake zuwa zance, bayan la'asar, a soron gidanmu. Duka ranakun biyu azumi yake yi. Ya ce da can jefi-jefi yake yi, amma tun da ya haɗu da ni bai sha ko ɗaya ba, yana roƙon Allah ya tabbatar da alheri. Ku gaya min wace mace ce za ta ji wannan zuciyarta ba ta narke ba. Kafin magariba sai ya tashi ya tafi masallaci ya sha ruwa a can.

Wata Alhamis ya zo cikin farar shadda da hula ruwan toka, ƙamshin turarensa ya cika soron. Rana ta yi ƙasa, haskenta ya shigo ta ƙofa ya sauka a fuskarsa. Ina ɗaga kai na ga farin idonsa ba fari ba ne. Ruwan ɗorawa ne, ba sosai ba, kamar an ɗiga masa manja an goge. Na tambaye shi ko lafiya, ya ce gajiya ce kawai, ɗalibai na jarrabawa, aiki ya yi yawa. Ranar Asabar ya kira ni ta bidiyo yana cin dankali da ƙwai, na ƙura wa wayar ido, na ga idonsa fari tas. Na ce to, hasken rana ne ya ruɗe ni. Ranar Litinin ya zo, ɗorawar ta dawo.

Da ni kaɗai na gani, da an zauna lafiya. Amma a lokacin Gwaggo Mairo tana gidan. Yayar Baba ce, a Indabo take aure, ta zo ne ta yi kwana biyu, ga shi ta shiga sati na uku. Ranar ta shigo soron wai tana neman takalminta, alhali takalmin yana ƙafarta. Ta amsa gaisuwar Nu'uman tana leƙa fuskarsa, ta koma ciki. Kafin in rako shi in dawo, ta gama yanke hukunci a tsakar gida: shawara ce, tsohuwa, wadda ta daɗe da kwanciya a hanta.

Umma ta ajiye muciya ta zauna. Ita tsoronta ciwon hantar nan da ake ɗauka, don ta taɓa jin bayaninsa a rediyo. Washegari zance ya kai shagon Ɗanlami na bakin layi, shi kuma ya ce ya san irin wannan idon, na masu shan maganin tari ne a bakin kogi. Sakina ce kawai ta tsaya wa Nu'uman, ta ce idon 'yan shaye-shaye ja ne, ba ɗorawa ba. Kada ku ce ƙaunata ce ta sa ta. Layi take so a matsa mata.

Ni kuwa na yi abin da bai kamata mai hankali ya yi ba: na ɗauki waya na shiga bincike. Cikin minti goma na gama karanta cututtuka bakwai, kowace ta fi ta baya muni. Na kashe data na kwanta rigingine ina lissafin takaba, ni da ko baiko ba a yi min ba.

Ranar Laraba Baba ya aiko Umma ta gaya min yana son ganin yaron ranar Asabar da hantsi. Gwaggo tana ji ta ja hannuna zuwa ɗakin da take kwana, ta tura ƙofa.

Ta ce, "Saude, ubanki shekara talatin yana cinikin shanu. Kin san me yake fara dubawa a jikin bijimi?"

Na ce ban sani ba.

"Ido. Kafin haƙori, kafin tozo. In ya ga idon yaron nan, an gama."

Ta buɗe jakarta ta fito da ƙulli uku. Na farko saiwar rawaya, na biyu ganyen filasko, na uku wani sassaƙe baƙi da ta ƙi gaya min sunansa, wai in an faɗi suna maganin karyewa yake. Ta ce in jiƙa su, in tace, in zuba a zobo mai yawan citta da kanumfari da sukari, in ba shi ranar Alhamis ya yi buɗa baki. Kafin Asabar idonsa zai koma kamar nono.

Na san za ku tambaye ni me ya hana in gaya masa gaskiya. Ni ma na tambayi kaina. Kunya ce, da tsoro. Ta yaya zan kalli mutumin da yake azumi saboda ni in ce masa gidanmu ana taro a kan idonsa? Na ga kamar in ya ji zai ɗauke ƙafa, in koma zaman ɗinkin hijabi da hararar Sakina. Sai na lallaɓa zuciyata da cewa ai taimakonsa zan yi.

Alhamis na haɗa zobon da jiƙon a ciki, na ci kwalliya da atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na yafa farin mayafi, na sa kwalli har sau biyu. Da zai tafi na miƙa masa gorar zobo babba, ta yi sanyi har da raɓa a jikinta. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi lambar yabo.

Bayan magariba saƙonsa ya shigo: "Ranki ya daɗe, wannan zobo na musamman ne. Har da wani ɗan ɗaci-ɗaci na manya. Na shanye tas."

Na rubuta: "Duka?"

"Duka. Har na ɗauraye gorar na sha."

Na je na nuna wa Gwaggo. Ta ce ai rabin kofi ake sha safe da yamma, ta ɗauka na sani.

Ranar Juma'a ban samu saƙon barka da safiya ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ƙarfe goma ya turo: "Ki sa ni a addu'a." Sha biyu ya turo cewa bai samu zuwa aiki ba, cikinsa ne ya ɗan motsa. Bayan an sauko daga masallaci ya ce a sahun ƙarshe ya yi salla, kusa da ƙofa, kuma Allah ya taimake shi liman bai ja sura ba. Gwaggo kuwa hamdala ta yi, ta ce shawarar ce take fita.

Asabar da hantsi ya yi sallama. Ni da Sakina muka laɓe a bayan ƙyauren da ke tsakanin soro da tsakar gida, akwai wata 'yar tsaga da muka daɗe muna amfani da ita. Shadda ce ruwan sararin samaniya a jikinsa, sabuwa dal, amma ta zauna masa kamar an rataye ta a ƙusa. Wuyansa ya ƙara tsawo. Idon kuwa, jama'a, ɗorawar da muka sani a da wasa ce. Wannan ƙwaiduwa ce sosai.

Ya durƙusa ya gaida Baba, aka yi ta gaisuwa, aka tambayi mutanen Utai, aka tambayi damina, aka yi wa mahaifinsa addu'ar rahama. Baba ya fara tambayarsa aikin da yake yi. Yana cikin bayani sai ya tsaya, gumi ya keto masa, ya ce a yi masa afuwa, ko zai samu buta. Baba ya nuna masa bayan gidan baƙi. Ya dawo ya zauna, Baba ya tambaye shi inda zai ajiye iyali. Ya kai rabin amsa ya sake neman buta. Sakina ta toshe bakinta da ɗankwali, ni kuwa hawaye ne ya taru min.

Da ya dawo karo na biyu Baba ya ce ya matso. Ya matso. Baba ya sa babban yatsa ya ja fatar idonsa ta ƙasa, daidai yadda yake yi wa bijimi ranar kasuwa, ya duba na dama, ya duba na hagu.

"Yaro, kana shan wani abu ne?"

"Wallahi Baba ko goro ba na ci."

Baba ya saki fatar idon. Sannan ya ce shi ba ya yanke wa mutum hukunci da zancen bakin shago. Tunda dama ba a ɗaura aure yanzu sai da gwajin jini, ranar Litinin za a je asibiti, shi da ni duka a gwada mu, kuma da ƙafarsa zai raka mu, don ba ya son a kawo masa takarda ya kasa karantawa a gaya masa abin da aka ga dama.

Haka aka yi. Wani ƙaramin asibiti muka je, aka ɗebi jininmu da safe, aka ce mu dawo bayan azahar. Likitan, Dakta Lukman, matashi ne mai fara'a, ya jera takardun a tebur. Baba na zaune a kujera da babbar rigarsa, Nu'uman a gefensa, ni a tsaye a jikin bango cikin hijabi har ƙasa, ina ta salati a zuci.

Likita ya ce ni lafiyata lau, kuma jininmu bai saɓa ba, babu fargabar sikila. Sai ya juya kan Nu'uman. Babu ciwon hanta, ko mai yaɗuwa ko wani iri. Hantarsa na aiki daidai, jininsa bai ragu ba. Abu ɗaya ne ya ɗan hau, wani sinadari mai ruwan ɗorawa da ake kira bilirubin. Ya ce kowa na da shi a jiki, yana fitowa ne idan tsofaffin ƙwayoyin jini suka ƙare aikinsu, hanta ce take kwashe shi. Ita hantar Nu'uman a wannan aikin guda ɗaya ne take da sanyin jiki, sai ya ɗan taru ya nuna a ido. Ya tambaye shi yaushe ya fara lura. Nu'uman ya ce tun yana sakandare abokai ke tsokanarsa lokacin jarrabawa da watan azumi, ko in ya yi zazzaɓi. Likita ya gyaɗa kai ya ce duk alamu sun nuna larurar Gilbat ce.

Baba ya gyara zama ya ce, "Shi wannan Gilbat ɗin, a ina suka haɗu?"

Sai da likita ya yi dariya ya goge tabarau kafin ya ce sunan wani likitan Faransa ne da ya fara bayanin abin tun da daɗewa. Ya ce gadonsa ake yi, ba ɗauka ba. Ba ya lalata hanta, ba ya rage kwana, ba ya hana aiki ko haihuwa, kuma ba shi da magani don ba ya buƙatar magani. Yunwa ce ke taso shi, da gajiya, da rashin barci, da zazzaɓi, da ƙarancin ruwa a jiki. In an ci an sha an huta, ido ya washe. Ya ce mutane da yawa na da shi ba su sani ba, in Baba ya duba idon 'yan kara maimakon na shanu ranar kasuwa, da wuya ya rasa wani. Azumi ma ba a hana shi ba, ya dai riƙa sahur mai kyau da shan ruwa sosai, kuma duk likitan da zai rubuta masa magani ya sanar da shi, don akwai 'yan magunguna kaɗan da ake taka-tsantsan da su.

Baba ya tambayi 'ya'yan da za a haifa. Likita ya ce wani zai iya gada, wani ba zai gada ba, kuma wanda ya gada iyakarsa abin da Baba ya gani. Ya tambayi Nu'uman ko akwai mai irin idon a gidansu. Nu'uman ya ce bai lura ba. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa kuma shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗa, shi ma bai taɓa tsayawa ya kalli tsakiyar idonta ba.

Na ji kamar an sauke min buhun masara daga ka. Har na fara tunanin kalar ankon da za a fitar. Sai likita ya sake duba takarda ya ce abin da bai gane ba shi ne gudawar nan da ta tsotse shi haka, don ita ce ta ƙara rina idon. Me ya ci ranar Alhamis?

Nu'uman ya yi tunani ya ce dabino uku, sai zobon da Saudatu ta ba shi. Ya faɗa har da murmushi, yana yabon zobon.

Baba ya juyo ya kalle ni. Ni kuwa tun ina ƙarama ban iya ɗaukar wannan kallon ba. Na fashe da kuka na zayyana komai, rawaya, filasko, baƙin sassaƙe, rabin kofin da ya zama gora guda. Murmushin Nu'uman ya tafi a hankali. Likita ya daina fara'a, ya ce abin da yake da shi ba ya taɓa hanta, amma irin wannan jiƙe-jiƙen da ba a san sunansa ba shi ne yake iya taɓa ta, Allah ne ya tsare.

Muka hau adaidaita sahu muka koma gida. Da muka sauka Baba ya ce min shi ko saniyar mutum ce ba ya ba ta magani sai ya tambayi mai ita. Iyakar faɗan ke nan, amma da duka ya yi min da ya fi sauƙi. Ya shiga wajen Gwaggo, ya ɗan jima, muka jiyo muryarta tana cewa ai da an bi ƙa'ida an sha na kwana bakwai da an ga aiki. Yayarsa ce, haka ya fito yana girgiza kai. Da yamma ya gaya wa Umma shi ya yarda da yaron, in har yaron yana so har yanzu.

To, a nan gizo ke saƙa, don yaron ya yi shiru. Na tura saƙon ban haƙuri mai tsawon da sai da ya rabu gida uku. Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, babu amsa. Talata haka. Na ɗinka hijabi biyu duk na juya musu wuya ta baya. Sakina da kanta ta kawo min abinci ɗaki ba harara, a nan na san abin ya yi tsanani.

Laraba da azahar waya ta yi ƙara. Na ɗauka, saƙon Nu'uman ne.

"Na yafe miki, Saude. Na san tsoro ne ya sa ki. Amma nan gaba ki tambaye ni kawai. Kuma daga yau da ruwan ledata zan riƙa zuwa."

Ina dariya ina share hawaye sai wani saƙon ya shigo.

"Sai dai akwai 'yar matsala."

Ashe ranar Juma'ar nan da yake kwance, ya kira mahaifiyarsa, Inna Auta, ta tambaye shi me ya ci, ya gaya mata zobon gidan yarinyar ne. Da gaskiya ta fito ya sake kiranta don ya kwantar mata da hankali, ya ce ba komai ba ne, magani ne aka sa a ciki. Kalmar da ta riƙe ke nan. Kafin rana ta faɗi matan Utai sun gama fassara: an ba Nu'uman na mallaka a zobo. Ya yi mata bayanin likita, ta ce likita jini ya gani, bai ga zobo ba. Gobe Alhamis tana tafe da kanta.

Umma ta tashe mu da sassafe. Aka share gida har bayan randa, aka shimfiɗa sabuwar darduma a falo, aka yi turaren wuta, aka dafa shinkafa da miyar kaza. Baba ya ce wa Gwaggo ko za ta je ta duba gidanta a Indabo, ta ce ba inda za ta, ita ma tana son ganin surukar.

Bayan la'asar adaidaita ya tsaya a ƙofar gida. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce ta shigo, da mayafi baƙi da carbi a hannu, tana tafiya a hankali irin ta ɗanta. Aka gaisa da Umma gaisuwa mai tsawo, muryarta a sanyaye, ba fushi ba fara'a. Na kawo ruwa da abinci a tire na durƙusa na ce Inna sannu da zuwa. Ta ce in mayar, tana azumi.

Sai ta ce in ɗago ta gan ni. Na ɗago. Masu karatu, idon Nu'uman ne ya kalle ni, da ɗorawarsa da komai, ko ɗigo bai bari ba. Gwaggo da ke zaune a gefe ta taɓa ni da yatsan ƙafa, na san ita ma ta gani, na shiga roƙon Allah ya riƙe mata baki.

Inna Auta ta gama kallona tsaf, ta ja carbinta sau biyu, ta leƙa tsakar gida ta duba inda rana ta kai.

Ta ce, "Magariba ta kusa. Tashi ki haɗo min zobon nan, irin wanda kika ba shi, kada ki rage komai. A gabana za ki haɗa. Kuma ke za ki fara sha."

Kafin in tashi, sai muka ji muryar Gwaggo Mairo, cikin ladabi da son taimako:

"Akwai saura a jakata."